Split a ɗakin tiyata? Haba yaro

Wai tambayarka ita ce mi ya hana a maƙala split biyu, injin sanyin nan na bango, a bulok, wato ɗakin tiyata, a huta, tunda sanyi ake nema. Shekara biyu kana bina da akwatin kayan aiki, har yau kana zaton sanyi muke saidawa a ɗakin tiyata? Split iskar ɗakin kawai yake juyawa, ita dai ta ɗazu da numfashin mutane da ɓarɓashin fatarsu, ya sanyaya ta ya maido kan mutum an buɗe mai ciki. Bulok sabuwar iska yake so, tatacciya, ta sauko daga sama kan gadon ta fita ta ƙasan bango, a canja ta wajen sau 20 a awa, kuma matsin ciki ya fi na waje, yadda in an buɗe ƙofa iska fita za ta yi, ba ta baranda ta shigo ba. Riƙe ƴar takarda a ƙasan ƙofa, in ta karkata waje to aiki ya yi. Sauran ko jaki ya sani.

Ka ma tono mani ciwo. Wata kilinik nan Maradi, ba ni faɗin suna, na kawo masu filta HEPA da kuɗin aljihuna, irin mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ido bai gani, na sha jira kafin ta iso ta Kano. Na ja kunnen mai wurin har sau uku, kada a kunna injin tace iskar sai magina sun gama gurzar bango, kuma sai na sa filtar gaba mai tare ƙura mai kauri. Na tafi suna Tibiri kwana biyu, cikin hunturu ne, hazo ko rana ba ka gani. Ashe bawan Allah ya gayyato baƙi su ga wuri, ya sa wani yaro ya kunna, wuni biyu cur tana zuƙar siminti. Na dawo na zaro ta futu-futu kamar an tono ta a rami, ita kuwa ba a wanke ta ba a kakkaɓe ta, sai shara. Buɗar bakinsa sai ya ce jabu na kawo mai, ya riƙe mani jaka 700 har yau, mu haɗu wurin jana'iza ya miƙo mani hannu ba kunya!

Ku ƴan yanzu na san ku, da famfo za ku sa mata ku shanya ku maida, kun gani a TikTok. Gobe ka zo da wuri, ka taho da sifana 13 ɗin da ka ɗauka.