Hukuncin Azumi da Sallar Mai Ciwon Maitokondiriya Idan Tsoka Tana Ɗaurewa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Ni magidanci ne, shekaruna 29. Bayan doguwar zirga-zirga a asibiti likitoci sun ce ina da ciwon maitokondiriya wanda ya taɓa tsoka. Tafiya kaɗan ke gajiyar da ni, sha-raɓata da cinyoyina suna ɗaurewa, musamman da dare ko in na daɗe a tsaye a salla. A azumin bara, rana ta shida, fitsarina ya koma kalar shayi, aka kwantar da ni ana ta ƙarin ruwa. Likita ya ce kada in sake. To amma a gida ana ganina garau, wasu na cewa ragwanci ne, wani abokina ma ya ce in sha taramol da sahur zan kai magariba. Mene ne hukuncin azumina, da sallata a zaune, da alwala da ruwan sanyi, da shan wannan ƙwaya?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ka lafiya ɗan'uwa, Ya sa kaffara ce.

A halin da ka bayyana, ajiye azumi wajibi ne a kanka, ya wuce matsayin rangwamen da za ka ɗauka ko ka bari. Amma tunda hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin abin, bari mu fara da ciwon kansa, domin ka samu abin da za ka karanta wa mutanen gida.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan'adam akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa da ake kira maitokondiriya. Aikinsu shi ne su haɗa abincin da aka ci da iskar da aka shaƙa su fitar da ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Su ne murhun jiki. Tsoka da ƙwaƙwalwa da zuciya da jijiyoyi su ne suka fi kowa cin wannan wuta, shi ya sa su ke fara kuka idan murhun ya samu matsala. Mai wannan ciwo kamar mai girki ne da ɗanyen itace: hayaƙi ya fi wuta yawa. Tsokarsa ba ta samun isasshen ƙarfi, sai ta koma wata gajeriyar hanya da ke tara sinadarin laktik, daga nan sai zugi da nauyin ƙafa da haki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsoka tana buƙatar ƙarfi kafin ta saki kamar yadda take buƙatarsa kafin ta ɗame, saboda haka in ƙarfin ya ƙare sai ta ƙulle ta ƙi saki. Ciwon gado ne, wani nau'in ta wajen uwa kaɗai yake zuwa, wani kuma ta wajen iyaye biyu, kuma ana ƙiyasta yana samun kimanin mutum ɗaya cikin 5,000. Ba ya nuna kansa a fuska, shi ya sa ake yi wa masu shi kallon ragwaye.

Lafiyayye idan ya yi azumi, jikinsa yakan juya ya ƙona kitsen da ya ajiye, ya kai magariba lafiya. Ƙona kitsen nan kuwa a cikin maitokondiriya ake yin sa, wato a wurin da naka ya gaza. Ga ƙishirwa, ga zafin bazara. Idan abin ya yi tsanani sai tsokar ta fara narkewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Baƙin fitsarin da ka gani bara ke nan bisa ga dukkan alamu, kuma yana iya kai mutum ga wankin ƙoda ko ga rasa rai.

Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 185, wanda ya kasance marar lafiya ko a kan tafiya sai ya rama adadin a wasu kwanaki, Ya kuma ce Yana nufin sauƙi gare ku, ba Ya nufin tsanani gare ku. Malamanmu na Malikiyya sun raba marar lafiya gida biyu, kamar yadda Shehu Halil ya taƙaita a Muhtasar: wanda ke tsoron ciwonsa ya ƙaru ko ya daɗe bai warke ba, ya halatta ya sha, wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani, kamar lalacewar wata gaɓa, wajibi ne ya sha. Ana gane wannan tsoro ta hanyar jarrabawar da mutum ya yi a jikinsa ko ta faɗar ƙwararren likita amintacce. Kai duka biyun sun haɗu a kanka. Ka gwada ka gani, likita kuma ya faɗa. Idan ka ɗauki azumi a haka kana jefa ƙodarka cikin haɗari, kuma Allah Ya ce kada ku kashe kawunanku, a Suratun Nisa'i, aya ta 29.

Wannan hukuncin naka ne, ba na duk mai ciwon ba. Ciwon hawa-hawa ne. Akwai wanda nasa bai wuce saukowar fatar ido da 'yar gajiya ba, irin wannan ya zauna da likitansa kafin watan ya kama, in ya yarje masa ya gwada, da sharaɗin ya karya nan take idan ya ga fitsari ya yi duhu, ko amai, ko jiri, ko ruɗewa, ko matsanancin ciwon kai, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Wanda kuwa yake da farfaɗiya, ko ciwon ya taɓa zuciyarsa, ko ya taɓa samun abin da ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki, ko ya haɗa da ciwon sukari, to kada ya fara.

Sai batun ramuwa. Ka tambayi likitanka a fili: shin in na zaɓi kwanakin hunturu, rana ɗaya-ɗaya a rarrabe, zan iya? Ramuwa ba a sharɗanta jerantawa a cikinta ba. In ya ce za ka iya, ramuwa ce a kanka, kuma in rashin lafiya ta hana ka har wani Ramadan ya zagayo, babu ciyarwar jinkiri a kanka, domin ba sakaci ka yi ba. In kuwa ya ce jikinka ba zai ɗauki yini guda babu ci babu sha ba a kowane lokaci na shekara, wanda shi ne abin da na fi zato daga bayaninka, to ramuwa ta faɗi, hukuncinka ya zama irin na tsohon da azumi ya gagara. A mazhabar Malik ciyarwa a nan mustahabbi ce, Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin wajibi ce, kuma Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ayar fidiya tana nan a kan tsoho da tsohuwa. Abin da nake ba ka shawara, in kana da hali ka ciyar, ka fita daga saɓani. Mudun Annabi ɗaya ne a kowace rana, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, irin wanda ake auna huɗu a zakkar kono, daga abincin da garinku ya fi ci, gero ko masara ko shinkafa. In babu hali, babu komai a kanka.

Maganar taramol ita ce ta fi tayar min da hankali a tambayarka. Kada ka sha. Taramol ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi ko ƙwayar zarra, zafin kawai yake rufewa, zafin nan kuwa shi ne mai gadin da ke gaya maka ka tsaya. In ka toshe bakinsa za ka ci gaba da aiki tsoka tana narkewa ba ka sani ba, sai fitsari ya ba ka labari. Bayan haka yana iya tayar da farfaɗiya, masu wannan ciwo kuwa da yawansu dama suna kusa da ita, kuma yana kama mutum ya kasa bari. A shari'a, ƙwaya mai taɓa hankali ba ta halatta sai da larura, a hannun likita, gwargwadon da ya auna. Wanda Allah Ya ɗauke wa azumi ba shi da larurar da za ta sa ya bugar da jikinsa don ya yi shi.

Neman magani kuwa umarni ne, Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Idan sha-raɓa ta ɗaure, ka zauna ka miƙe ƙafar, ka kamo yatsun ka jawo su wajen ƙaurinka a hankali, ka riƙe kamar daƙiƙa 30, ka saki, ka maimaita. In hannu bai kai ba ka sa rawani ko tawul a tafin ƙafar ka ja. Kada ka fizga, kada kuma a yi maka tausa mai ƙarfi ana murza naman, tsokar da ta galabaita ba ta son haka. Gashi da tsumma mai ɗumi ya fi. Wannan miƙewar, in ka mayar da ita al'ada kafin kwanciya, takan rage wa wasu na dare. Kada ka bar cikinka ya daɗe babu komai: ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ka kwanta da ɗan abu mai riƙe ciki kamar kunun gyaɗa ko fura da nono, kada ka tsallake karin kumallo. Ka yawaita shan ruwa har fitsari ya zama fari-fari. Ranar da ka yi gumi sosai ko gudawa ta kama ka, ruwan gishiri da sukari na kemis, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, wato ledar fiya-wata biyu. Zazzaɓi ko aman da ya hana ka riƙe abinci ba na jinya a gida ba ne, ka tafi asibiti da wuri, domin a irin wannan lokaci ne ciwon ke yin tsalle. Zaman wuri ɗaya shi ma yana ƙara raunana tsoka, don haka ka nemi masu gashi na asibiti su tsara maka motsa jiki, tafiya a sanyin safiya wadda za ka iya magana kana yin ta, ana ƙarawa sannu a hankali, ka huta kafin ka gaji.

Ta fuskar ƙwayoyi, farasitamol shi ne na farko: babba ba ya wuce ƙwaya biyu masu miligiram 500 a sha ɗaya, ba ya wuce giram 4 a yini da kwana, mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta kuma ƙasa da haka. Ibuprofen da diclofenac suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe, kai da ƙodarka ta taɓa shiga haɗari kada ka taɓa su sai da izinin likita. Kwinin da wasu ke sha don ɗaurewar ƙafa yana iya rikita bugun zuciya ya kuma sa zubar jini, a bar shi. In zafin irin na ƙuna ne ko tsira kamar allura a tafin ƙafa, to na jijiya ne, maganinsa daban, likita ke rubutawa. Ka roƙe shi ya auna maka gishirin jini, irin su fotasiyam da kalsiyam da maganiziyam, domin ƙarancinsu na kawo ɗaurewa kuma gyaransa da sauƙi. Sannan duk inda za a ba ka magani ko za a yi maka aiki, ka fara faɗin sunan ciwonka. Maganin farfaɗiya valproate yana iya lalata hantar masu wani nau'in ciwon, allurar gentamicin tana iya kurmantar da wasu, metformin na masu sukari yana iya ƙara laktik, magungunan rage kitsen jini kuma suna iya ƙara ciwon tsoka. Wanda aka riga aka ɗora a kan ɗayansu kada ya yanke da kansa, ya koma wa likitan. Ga mai azumin da aka yarje wa, man shafawa da allurar da ba ta abinci ba ba sa karya azumi a wurin mafi yawan malaman zamani, ƙarin ruwa mai sukari kuwa yana karyawa.

Salla kuma, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba za ka iya ba a zaune, in ba za ka iya ba a kan gefenka. Bukhari ya ruwaito. Rashin iyawa bai taƙaita ga wanda zai faɗi ba, ya haɗa da wanda tsayuwa za ta jawo masa wahala mai tsanani ko ta ƙara masa ciwo. Ƙa'idar ita ce ka yi abin da za ka iya a yadda yake, ka sauya abin da ya gagara kaɗai. A farilla, in za ka iya tsayuwa don kabbarar harama da Fatiha, ka tsaya, ko da jingine da bango ko sanda, sannan ka zauna in liman ya ja sura. In ƙafa ta ɗaure kana tsakiyar raka'a, zauna ka miƙe ta ka ci gaba daga inda kake, sallarka ba ta ɓaci ba, in ta saki ka miƙe. A nan masu kujera da yawa suke kuskure: wanda tsayuwa ce kaɗai ta gagare shi amma yana iya kai goshinsa ƙasa, dole ya yi sujada a ƙasa, nuni daga kan kujera ba ya isar masa. In zaman tahiya yana ƙulle maka cinya, zauna yadda ya sauwaƙa, ko harɗe ko ka miƙe ƙafa. Asham da tahajjud nafila ne, zama a cikinsu ya halatta ko ga lafiyayye, kai kuma mai uzuri ladanka cikakke ne, saboda hadisin Abu Musa a Bukhari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa irin abin da yake aikatawa yana lafiya a gida. Ranar da jiki ya yi nauyi ƙwarai, kana iya jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta ka yi la'asar a farkon nata da alwala ɗaya, haka magariba da lisha.

Alwala da ruwan randa a asubar hunturu, in ka jarraba ka ga tana ɗaure maka ƙafa, ka ɗumama ruwan, ka ajiye a fulas tun dare. Taimama ba ta halatta ga wanda zai iya ɗumamawa. Sai in babu yadda za a ɗumama kuma kana tsoron ruwan zai ƙara maka ciwo, a nan ka yi taimama, babu ramuwar salla a kanka.

Ka haɗa duk wannan da addu'ar da Annabi (SAW) ya koya wa Usmanu ɗan Abil Asi, wadda Muslim ya ruwaito: ka ɗora hannunka a inda ke ciwo, ka ce Bismillah sau uku, sannan sau bakwai ka ce A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru.

Mutanen gida kuma ina yi musu nasiha su ji tsoron Allah a kan harshensu. Tuhumar marar lafiya da ƙarya mummunan zato ne, kuma duk wanda ya matsa maka har ka ɗauki azumin da ya cutar da kai yana da kaso a laifin. In za ka koma asibiti ka tafi da babba ɗaya daga cikinsu ya ji daga bakin likita, a kuma tambaya ko akwai buƙatar duba 'yan'uwanka, tunda ciwon na gado ne. Da rana a Ramadan ka ci abincinka ka sha maganinka a kan lokaci, amma a cikin ɗaki, don girmama watan.

Wallahu a'alam.