Yaya maikirowef ke auna kaurin ruwa a cikin bututu?

Tambaya: Salam injiniya. Ina aiki a kamfanin sukari, an kawo mana wata mita da aka ce da maikirowef (wani irin siginar rediyo) take auna kaurin ruwan rake a cikin bututu. Yaya take yi, kuma za a iya yarda da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ita wannan mita ba nauyi take ɗagawa ba, jinkiri take aunawa. Akwai eriya biyu a jikin bututun, ɗaya tana tura sigina ɗaya tana karɓa, to ruwa zalla yana rage wa maikirowef gudu sosai, kusan sau 9 ƙasa da yadda yake tafiya a iska, shi kuwa sukari ko laka ko markaɗaɗɗiyar takarda ba sa riƙe shi haka. Kenan duk lokacin da sukari ya ƙaru ruwa ya ragu sai siginar ta iso da wuri, wannan bambancin ne kwamfutar ciki ke juyawa zuwa lambar da kake gani, Brix a wajenku, wato ma'aunin yawan sukari a cikin ruwa.

Shi ya sa saiti shi ne komai. Dole ku ɗebi samfur ku kai lab ku gwada da abin da mitar ta nuna, kuma a kauri daban-daban, in ba haka ba za ta riƙa ba ku lamba mai kyau a ido amma ƙarya ce.

Babban abokin gabarta kumfa ne. Iska kusan ba ta tsayar da sigina ko kaɗan, sai mitar ta ɗauka abu ya yi kauri alhali kumfa ce kawai, wallahi yawancin ƙorafin da ake yi daga nan yake. Ku ɗora ta a bututu tsaye inda ruwan ke hawa sama, bayan famfo, bututun a cike. Zafi da gishiri su ma suna karkatar da ita, a duba sensar zafi tana aiki.

Ni dai na fi son ta kan tsohuwar mita mai amfani da haskokin nukiliya na gamma, wadda ke da sinadarin Cesium 137 da sai an nemi lasisin hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya. Ita kuwa mai maikirowef ƙarfin siginarta bai kai na wayar hannunka ba. Amma in abin da ke cikin bututun babu ruwa a cikinsa, kamar fetur ko dizal, ku nemi mitar Coriolis, wadda ke aunawa ta hanyar girgizar bututu.