"Na Bi, Ban Cika Ba": Yaya Za a Faɗa da Hausa?

Wata ɗalibar tarihi ta rubuto: "Malam, jami'an Sifaniya a ƙasashen da ta mallaka a nahiyar Amurka suna da wata magana, obedezco pero no cumplo, wato na yi biyayya amma ban aikata ba. Shin ba biyayyar ganin ido ke nan ba? Kuma yaya take da karin maganarmu 'bin na gaba bin Allah'?"

'Yata, kin kusa, amma ba ita ba ce. Mai ganin ido ɓoye ƙinsa yake yi. Wannan kuwa a bainar jama'a ake furta ta, doka ta san da ita. In takardar sarkin Sifaniya ta iso, jami'i zai sumbace ta, ya ɗora ta a kansa don girmamawa, sannan ya dakatar da zartarwa, ya rubuta wa sarki dalilinsa. Tsakanin fada da Meziko ko Peru tafiyar watanni ce a teku, sau da yawa umarni kan iso ya zama ihu bayan hari.

Kalmar da nake ganin ta dace ita ce jingine. Wanda ya jingine sanda a bango bai karya ta ba, bai yar ba, tana nan tsaye har ya waiwayo. Don haka ni zan ce: "Na karɓa hannu bibbiyu, amma na jingine."

Dubi abin da ya faru a 1542, da sarki ya kafa sababbin dokoki don kare 'yan asalin ƙasa, ciki har da hana Turawa gadar wa 'ya'yansu ikon karɓar haraji daga gare su. A Meziko, wakilin sarki Antonio de Mendoza ya ga tarzoma na tafe, aka jingine sashen da ya fi zafi. A Peru, wakilin sarki Blasco Núñez Vela ya ce sai an zartar. Turawa masu ikon karɓar harajin suka yi masa tawaye, suka kashe shi a 1546, alhali sarki ya riga ya soke sashen gadon tun 1545.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, jinginewar nan masu ƙarfi ta fi yi wa rana. Talakan da aka yi dokar dominsa shi aka bari yana jira.

Kin kuma tambayi "bin na gaba bin Allah". Wannan karin magana ba ya raba bi da aikatawa. A bakin Bahaushe wanda ya bi, ya yi. Shi ya sa "na bi, ban cika ba" ke yi wa kunnenmu nauyi.