Tambaya da Amsa: Sarauta ce ta kai Nuhu Bamalli kujerar minista?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya. Muna gardama da abokaina: wasu sun ce don yana ɗan sarauta aka ba shi minista, wasu sun ce siyasa ce ta kai shi. Wanne ne daidai? Daga mai karatu, Tudun Wada.

Amsa: Ɗan'uwa, kowane ɓangare ya riƙo wani abu, amma masu cewa siyasa sun fi kusa da gaskiya.

Alhaji Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, daga gidan Mallawa ya fito, zuriyar Malam Musa, sarkin Fulani na farko a Zazzau. Sai dai a zamanin da ya tashi, mulki ba ya hannun gidansu. Tun da Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi a 1920 suka kai shi Lakwaja, sarautar ta koma tsakanin gidajen Barebari da Katsinawa, sai a 2020 ta dawo Mallawa ta hannun ɗansa, Ahmed Nuhu Bamalli. Wannan kaɗai ya isa ya rage ƙarfin zancen cewa fada ce ta ɗora shi.

Abin da asali ya ba shi shi ne ƙofar makaranta. A wancan lokaci 'ya'yan masu sarauta da ma'aikatan En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, ne suka fi samun ilimin boko, daga nan su shiga aikin fassara, koyarwa ko ofis. Shi ta aikin fassara da rubutu a Zariya ya bi, sannan ya shiga jam'iyyar NPC ta Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Tsarin Jamhuriya ta Farko kuwa na firaminista ne irin na Ingila. Dole minista ya zama ɗan majalisa tukuna. Matakan su ne: jam'iyya ta tsayar da kai, ka ci kujera ko a naɗa ka sanata, jam'iyyarku ta kafa gwamnati a Legas, sannan firaminista ya zaɓe ka. Rawani bai tsallake ko ɗaya daga cikinsu. Nuhu Bamalli ya fara da ƙaramin minista a ma'aikatar harkokin waje, lokacin da Jaja Wachuku ke riƙe da ita daga 1961. A 1965 ma'aikatar ta koma hannun Nuhu Bamalli, daidai lokacin da Ian Smith, firaministan Rodeshiya (Zimbabwe ta yau), ya ayyana 'yancin turawa tsiraru a ƙasar a watan Nuwamba. Kan wannan rikici aka yi taron ƙasashen renon Ingila a Legas cikin Janairun 1966, kwanaki kaɗan bayansa sojoji suka kifar da gwamnati ranar 15 ga wata.

Inda tsarin ya yi rauni shi ne ƙasa, wajen zaɓe. En'e na da 'yan doka, kotunan alkali da gidan yari, ita ke ba da izinin taro. 'Yan NEPU, jam'iyyar adawa da aka kafa a Kano a 1950, sun sha kuka cewa ana hana su lacca ana ɗaure magoya bayansu. Saboda haka ɗan takarar da fada ke so yakan fara tsere da rata. Wannan ne ɗan gaskiyar da ke cikin maganar abokanka.

Tambaya: To yau mai riƙe da sarauta zai iya zama minista?

Amsa: Zai iya. Sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 bai hana mai rawani ba. Shugaban ƙasa ke miƙa suna, majalisar dattawa ta tantance, kowace jiha ta samu aƙalla minista ɗaya. Bambancin shi ne yanzu ɗan majalisa in ya karɓi muƙamin, sai ya sauka daga kujerarsa. Fada kuma ba ta da 'yan doka ko kotu, kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya cire sarakuna daga gudanar da mulki kai tsaye.