Ka Tambaye Ni Kocin Girka, Zauna Ka Ji

Kai yaro, ka ce in gaya maka irin atisayen da Sotiris Silaidopoulos ya ba yaran Olympiacos har suka lallasa AC Milan da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na gasar matasan Turai a Nyon ta ƙasar Switzerland, a watan Afrilun 2024. Ku yaran yanzu ke nan, ku ga bidiyo a waya ku ɗauka akwai wani laƙani a jera kwano a fili. Yadda ake koya wa ɗan tsakiya ya waiga kafin ƙwallo ta iso shi, wannan ko mai sayar da ruwa a bakin fili ya sani, ba zan ɓata yawuna a kai ba.

Abin da mutumin nan ya samu shi ne yaransa sun zauna a kulob ɗinsu. Sun fitar da Bayern Munich, suka fitar da Nantes a bugun fenareti, suka zama kulob na farko daga Girka da ya ɗaga kofin UEFA. Bayan nan biyu daga cikin yaran, Mouzakitis da Kostoulas, suka hau babbar ƙungiya a hannun koci Mendilibar, kuma da Brighton ta sayi Kostoulas a 2025, gidan da ya rene shi ne ya ƙirga kuɗin.

Ni fa na taɓa riƙe ɗan tsakiya irin wannan. Ya zo min ba takalmi, ni na saya masa. Bahago ne, idan ya ɗaga kai sau ɗaya ya gama karanta fili. Da ya yi zazzaɓi ni na kai shi asibiti, mahaifinsa ko leƙowa bai yi ba. Yana shekara 15 wani dillali ya fara zuwa kallon atisayenmu da ƙatuwar mota, yana "ranka ya daɗe koci", har lemo yake kawo wa yara. Ashe da daddare gidan uban yake zuwa. Ya ba shi buhun shinkafa da 'yan kuɗi, ya kwashe yaron zuwa wata makarantar ƙwallo da ba ta da ko raga, allo kawai gare ta da hatimi, ya yi masa rajista a can kamar tun yana goye suke koyar da shi.

Ya san dokar FIFA sarai, mugun. Ba a fitar da yaro ƙasar waje sai ya cika 18, don haka ya ajiye shi ya jira. Kuma duk cinikin da aka yi tsakanin ƙasa da ƙasa, kashi 5 cikin ɗari na kulob-kulob ɗin da suka horar da shi ne daga shekara 12 zuwa 23, amma sai waɗanda sunansu ke cikin fasfon ɗan wasa, wato takardar hukumar ƙwallo mai jerin kulob-kulob ɗin da aka yi masa rajista. Da aka sayar da yaron na je da hotuna da shaidu, aka ce min hoto ba rajista ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron ya zo hutu da sallah, ya wuce ta gaban filin nan gilashi a rufe.

Gobe kafin ka hura usur ka kawo min takardar haihuwar kowane yaro da sa hannun ubansa, mu kai ofishin hukumar ƙwallo ta jiha. Kuma ka bar zuwa min atisaye da silifas.