Sai Na Ji Muryar Manaja Kafin Sifika Ta Hau Mota

Ka ce in faɗa maka dalilin da ya sa na sallami mutumin nan mai shirya wasan rege alhali ga kafin alƙalami a hannunsa, sannan wai me ya raba aikin ɗan rege da na ɗan danshol tunda duk makirfo suke riƙewa. Ta biyun ba tambayar da wanda ya kwana biyu a shagona na hayar kayan sauti zai yi ba ce. Zan amsa ne kawai don ta farkon ta fama mini tsohon miki.

Ɗan rege na asali da rundunarsa yake tafe, mai ganga da mai bes da masu jita da kibod, ga masu busa, ga mata 'yan amshi. Kowa na son layinsa a mikisa, kowa na son jin kansa a monita, wato sifikar da ke fuskantar makaɗa. Kuma kiɗan a kan bes da ganga yake zaune. Ka saurari mai ganga Carlton Barrett a bayan Bob Marley: bugun farko a bar shi wayam, sai a na uku babbar ganga da ƙarama su faɗo tare. Gurbin nan da aka bari, bes ke cika shi. In sifikokinka na ƙasa ragwaye ne, mawaƙi zai tsaya a dandamali kamar an tuɓe masa riga a kasuwa. Jera layuka da daidaita ƙara kuwa ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai iya ba ya koma hayar kujerun biki.

Shi ɗan danshol a filin rawa aka haife shi, can Kingston ta Jamaika, inda irin su Coxsone Dodd da Duke Reid suke gasar sifikoki tun shekarun 1950. Wani na juya faifai, wani na zuba magana a kai, yadda U-Roy ya yi a wajen King Tubby. A 1985 King Jammy ya fito da kiɗan da aka ciro daga ɗan ƙaramin kibod na Casio, Wayne Smith ya hau, shi ke nan aka gane ana iya waƙa ba makaɗi ko ɗaya. Shi ya sa yau yake zuwa da filas a aljihu. Amma kada ka raina aikin. Zai ja layi biyu, fili ya ɗauki ihu, ya ɗaga hannu a yanke a koma farko. In lokacin idonka na kan waya, yadda ku yaran yanzu kuka saba, ka kashe masa wasa. Joseph Hill, mawaƙin ƙungiyar Culture, ya rasu a Balin ta Jamus a 2006 suna tsaka da zagayen wasanni, kuma ɗansa Kenyatta, wanda ke zaune a bayan mikisa kamar kai, shi ya ɗauki makirfo aka ƙarasa. Kai da za a tsare ka, ko amshi ɗaya ba za ka kawo ba.

To mutanen nan a dandamali abincinsu yake, don haka ba mai hankalin da zai hau jirgi bai ga kuɗinsa ba. Sun san halin masu shirya wasa. Jimmy Cliff kansa sai da aka tsare shi a Najeriya a 1974 kan rigimar kwangilar wasa.

Shekarun baya, lokacin kaset, wani ya shigo mini shago da kwat da jaka da tarin fosta, hoton wani babban mawaƙin Jamaika ɓaro-ɓaro a jiki. Rediyo ma na ta sanarwa. Ya ajiye mini kashi ɗaya cikin uku, ya ce ciko daga kuɗin ƙofa, tun kafin a kashe janareta. A lokacin ban daɗe da gama haɗa akwatunan bes ba, masu inci 18, katako mai kauri da na tsaya a kan kafinta har ya gama, amfilifayoyi kuma da ƙafata na je kasuwar Alaba ta Legas na zaɓo. Duk garin ba mai irinsu. Shi ya sa ya zo wajena, ba don yana ƙaunata ba.

Ranar wasa muka kafa kaya tun hantsi. La'asar ta yi, ba makaɗi ko ɗaya da ya zo gwajin sauti. Na tambaye shi, ya dafa kafaɗata yana murmushi, wai sun gaji da jirgi, manyan mawaƙa ba sa gwaji. Ƙarya ce tsagwaronta, babu mai bes ɗin da zai yarda ya hau bai ji akwatinsa ba. Sai dai kaya sun riga sun hau, layin tikiti har titi.

Yaran gari suka buɗe fage, kuma wallahi sun yi ƙoƙari, bes na dukan ƙirji har can bayan fili. Sha ɗaya ta yi, mai gabatarwa ya ce baƙo na otal yana wanka. Sha biyu, wai ya taso. Aka sake turo yaran nan suka maimaita waƙoƙin da suka riga suka yi. Wajen ƙarfe ɗaya kwalba ta farko ta fashe a gefen mai ganga. A Jamaika ma ana jifa, an yi ruwan kwalabe a taron danshol da ake kira Sting na 1991 da Ninjaman da Super Cat suka kara, amma can akwai mawaƙin da za a jefa. Nan da babu kowa, sai aka huce a kan kayana.

Ina kallo wani ƙato ya ɗaga kujerar ƙarfe ya soka ƙafarta a tsakiyar sifika, takardar ta yage har koyil ya leƙo. Wani ya juye kwalbar giya a cikin amfilifaya, na ji ƙauri kafin in ga hayaƙi. Mai janareta ya tsorata ya kashe, wani ya sa shi ya sake tayarwa kaya na jone, ragowar da ta tsira ta bi sahu. Cikin duhun nan makirfo suka yi ƙafa. Na kutsa ƙofa neman mutumin, aka ce tun sha ɗaya ya fita ta baya da jakar bakko cike da kuɗin tikiti. Da gari ya waye mai fili ya sa kwaɗo a get, wai sauran kayana ba za su fita ba sai na biya kujerun da aka karya. Ni da aka karya wa jari!

Daga baya na ji yadda aka yi. Wasiƙa ɗaya ya taɓa aika wa ofishin mawaƙin, suka ce ya turo kafin alƙalami da tikitin jirgi, bai sake waiwayarsu ba. Hoton fosta daga bangon kaset aka yanko. Bawan Allahn da aka yi ta zagi a filin bai ma san da garinmu ba. Sai da na sayar da filin da na tanada don gini kafin na miƙe. Mutumin kuwa na sake ganinsa a wani ɗaurin aure, cikin sabuwar mota, ya miƙo mini hannu wai Oga ya ƙarin haƙuri. Don darajar masu biki na bar shi da haƙoransa.

Mawaƙin da zai zo da gaske, takardar buƙatunsa ke riga shi isowa: makirfo nawa, monita nawa, wace irin ganga, wane amfilifaya mai bes ke so. Bob Marley da zai yi wasan bikin 'yancin Zimbabwe a 1980, daga aljihunsa ya biya aka ɗauko kayan sauti a jirgi daga Landan. Mai shirya wasan nan na yau na ce ya nuna mini takardar, ya hau sosa ƙeya. Na ce ya kira manajan mawaƙin in ji muryarsa, wai layin ƙasar waje ba ya shiga. Kai kuma kuɗin hannunsa kawai kake kallo, har da yi mini raɗa wai kasuwa ta yi sanyi.

In ya dawo gobe ba na nan, ka ce ya kawo takarda da lambar manaja da kuɗina cif, har da na mota da na masu gadin dandamali. Ko sisi kada ka karɓa a madadina.