Laftof ɗina mai 144Hz ta tsaya a 60 tun da na saka Ubuntu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina zaune a Runjin Sambo. Na sayi laftof ta hannu mai Intel da katin hoto na NVIDIA. A Windows sikirinta yana kai 144Hz, wato yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, amma da na saka Ubuntu 22.04, wani tsarin Linux da ake sakawa a madadin Windows, sai 60Hz kaɗai nake gani a wurin saiti. Na cire direban NVIDIA, wato manhajar da ke sarrafa katin, na sake saka shi har datata ta ƙare, babu abin da ya canza. Sikirin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, sikirinka lafiya lau yake. Tunda Windows ta kai shi 144, to ba a musanya shi da mai 60 ba kafin a sayar maka, abin da yakan faru da kwamfutocin hannu da aka taɓa yi wa gyara.

Ka bar direban NVIDIA ya huta. A yawancin laftof masu katin hoto biyu, wayar sikirin laftof ɗin tana haɗe ne da ɓangaren Intel. NVIDIA yana yin aikin nauyi kamar wasanni, ya miƙa hoton ga Intel, shi kuma ya nuna. Saboda haka idan 144 ba ta fito ba, direban Intel da ke cikin kanel, wato zuciyar Linux, shi ake fara tuhuma. Ina jin takaicin yadda ɗalibai ke ƙona data a kan abin da ba shi ne da laifin ba.

Buɗe Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta cat /proc/cmdline. Idan ka ga kalmar nomodeset a layin, mai yiwuwa ka kama ɓarawon. Mutane da yawa sukan saka ta lokacin girka Ubuntu saboda baƙin sikirin da NVIDIA ke jawowa, sai ta zauna bayan an gama. Aikinta shi ne hana direban Intel karɓar ragamar sikirin, sai kwamfutar ta tsaya a yanayi guda ɗaya da ta taso da shi. Buɗe /etc/default/grub, fayil ɗin saitin tashin kwamfuta, da sudo, umarnin da ke ba ka ikon canza fayilolin tsarin, ka goge kalmar, ka rubuta sudo update-grub, ka sake kunnawa.

Idan babu ita, rubuta uname -r ka ga lambar kanel ɗinka. Ubuntu 22.04 ta fito da kanel 5.15. Kowane sikirin yana ɗauke da ɗan bayanin kansa da ake kira EDID, inda yake faɗa wa kwamfuta irin saurin da yake iya yi. Wasu sababbin sikirin suna ajiye sauri mafi girma a wani ƙarin sashe na wannan bayani, tsofaffin kanel kuwa ba sa karanta shi daidai, sai su ga 60 kawai. Rubuta sudo apt install linux-generic-hwe-22.04 zai kawo maka kanel 6.8, irin wanda Ubuntu 24.04 ta fito da shi. Wannan datar kam ta cancanci a kashe ta.

Bayan haka rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE ka ga wanne kake kai a cikin tsare-tsaren nuna hoto biyu, x11 ko wayland. Idan ya ce x11, rubuta xrandr ka ga jerin saurin da ke ƙarƙashin eDP-1, wato sikirin laftof ɗin, tauraro yana jikin wanda ake amfani da shi. In 144 tana nan, xrandr --output eDP-1 --mode 1920x1080 --rate 144 zai ɗora ka a kanta. In ya ce wayland, kada ka wahalar da kanka da xrandr, ba ya canza komai a can, wurin saitin sikirin za ka zaɓa. Akwai kuma wani abu game da x11: idan ka jona talabijin ko wani sikirin mai 60Hz, sau da yawa motsin tagogi yakan koma 60 a duka biyun ko da saiti ya nuna 144. Wayland yana tafiyar da kowanne da nasa saurin, don haka shi na fi so ga mai sikirin biyu.

Wata matsalar takan biyo bayan samun 144: sikirin ya riƙa ƙiftawa ko ya ɗan daskare, musamman idan an cire caja. Yawanci wata dabarar tsimin batir ce ta Intel mai suna PSR, wadda ke barin sikirin ya riƙe hoton da kansa idan babu motsi. Ƙara i915.enable_psr=0 bayan kalmomin quiet splash a fayil ɗin grub ɗin nan, ka sake update-grub. Batir zai ɗan rage jimawa. Canji ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda kana sake kunnawa, don ka san wanda ya yi aiki.

Sai maganar Sakkwato. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta cika fanka. Kwamfuta idan ta yi zafi tana rage wa kanta gudu, sai ka ga hoto yana sarƙewa alhali saiti yana kan 144. Kai ta wurin mai gyara a hure mata ƙurar, kuma ka daina ɗora ta a kan katifa. Idan an ɗauke wuta kana karatu ko rubuta aikin makaranta, mayar da ita 60 da hannunka, domin 144 tana shan batir sosai, in wuta ta dawo ka sake ɗaga ta.